Ɓarauniyar Iska a Motar Yaya

Motar Yaya akori-kura ce fara, 'yar Kwatano, wadda ta riga ta tsufa a hannun wani kafin ta iso Bukkuyum. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya haura kilomita dubu ɗari huɗu sannan ya tsaya, Yaya kuma bai ga dalilin tayar da shi ba. Da ita yake kwasar gero da dawa da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwar Gummi, wani lokaci Anka, fasinja na zaune a kan buhuna. Da ita ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba. Ni ƙanensa ne, ina aikin karanta labarai a gidan rediyo a Gusau, kuma ban san komai game da mota ba sai shiga da fita.

A daminar da nake ba da labari, motar ta fito da wani hali. In tana tsaye injin na silo, lafiya ƙalau. In ta miƙe a kan kwalta ba kaya, babu laifi. Amma da lodi, da zarar Yaya ya taka totur don ta tashi ko ta hau tudu, sai ta yi kamar an riƙe mata maƙoshi. Ta cije, ta yi tari, ta ɗauki numfashi biyu ko uku, sannan ta fizga. Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa.

A wata ƙasa wannan ƙaramar matsala ce. A hanyoyinmu, a shekarun nan, direba yana buƙatar motarsa ta amsa a daidai lokacin da ya kira ta. Wata rana da hantsi, a hanyar Zugu, babura uku suka ɓullo daga cikin dawa. Yaya ya taka totur, motar ta cije. Allah ya sa manoma ne, da fartanyoyinsu ɗaure a bayan babur, har suka ɗaga masa hannu. Sai dai a cikin fasinjojin akwai wata maƙwabciyarmu, kuma ba ta cire mayafi ba sai da ta shiga wurin Inna ta ba ta labarin numfashi ukun nan.

Na zo gida bayan kwana tara da faruwar haka. Na tarar da motar a garkar da ke gefen gidanmu, a wanke tas, ciyawa ta fara tsirowa a gindin tayoyinta. Na shiga na gaishe da Inna. Yaya yana zaune a bakin rumfa, bai fi taku uku daga tabarmarta ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa doguwar magana ido da ido. Ni ta kalla ta ce:

"Ka hwaɗa ma mai motar nan, in ba ta warke ba, ban yarda shi koma hawan hanya da ita ba. Shi sai da ta shi kama noma kamar kowa."

Na juya na ce, "Yaya, Inna ta ce..."

"Na jiya, ɗan rediyo," in ji shi. "Ba sai ka maimaita muna kanun labarai ba."

Yana murmushi, amma na ga ya rame. Mutum ne da ya haura hamsin, tun yana saurayi hannunsa a kan sitiyari. Bai iya riƙon garma ba, kuma ya san bai iya ba. Ya kuma san ba zai tsallake maganar Inna ba ko da motar za ta ruɓe a garka.

Ba zama ya yi ba kafin a kai ga haka. Bakaniken unguwarmu ya canza mata fulogi. Wani a Anka ya ce famfon mai ne, aka sa sabo. Aka wanke nozul. Aka sauke tanki aka ɗauraye, domin kowa ya tambaya sai ya ce man jarka ne, wanda ake saye a bakin hanya. Duk lokacin da ta baro gareji sai ta taho kamar amarya, saboda ba kaya take tahowa. Ranar da aka ɗora mata buhuna sai ta koma halinta.

Wani direban gidan rediyonmu ya taɓa gaya mini akwai bakanike a Gummi mai sa wa mota kwamfuta. Da na faɗa wa Yaya sai ya tsuke baki.

"Mota ba ta karatu. Kunne ad da gyara, ba allo ba."

"Kunnuwa nawa suka saurare ta zuwa yanzu?"

Daga ƙarshe dai ya yarda. Da safe na nemi izinin Inna. Ta ce a je ba kaya, a bi ayarin sauran motoci, a kuma dawo kafin la'asar sakaliya.

Garejin rumfar kwano ce a bayan tasha, da gawarwakin motoci biyu a gefe. Mai shi siririn mutum ne mai tabarau, wanda zai yi shekara arba'in, ba ya gaggawar magana. Yaya ya kira shi Injiniya, da wata murya da ban tabbata girmamawa ce zalla ba. Shi kuma ya zagaya motar sau ɗaya, ya dafa bodinta ya ce:

"Alhaji, wagga ai ta girme ni. Kamata ya yi in durƙusa in gaishe ta."

"Gaishe ta mana. Ta ga garuruwan da ba ka gani ba."

Injiniya ya ɗauko wata na'ura mai girman tafin hannu biyu, ya sunkuya ya soka wayarta a wani rami ƙarƙashin sitiyari. Yaya ya ce shekara goma sha yana tuƙa motar bai san da ramin ba. Allon ya yi haske, lamba ta fito: P0171.

"To, mi tac ce?" in ji Yaya. "Wane ƙarhe za mu saye kuma?"

"Ba ta hwaɗin ƙarhe," in ji Injiniya. Ya yi mana bayani a tsaye, ni kuma na riƙe shi kamar yadda nake riƙe rahoton da zan karanta. Injin yana cin iska da mai a gwargwado. Akwai sansa a bakin matatar iska mai auna yawan iskar da ta shiga, kwamfutar motar kuma ta zuba man da ya dace da ita. Akwai wata sansar a salansa mai shinshinar hayaƙi ta faɗi yadda ƙonewar ta kasance. Abin da lambar ke nufi shi ne, ta bayan ta ce iska ta fi mai yawa. Iyakar shaidarta ke nan. Ko dai man ba ya isowa yadda ya kamata, ko sansar gaba tana rage awo, ko kuwa wata iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya ba a auna ta ba.

"Kamar tuwo na," ya ce wa Yaya. "An auna gari na mutum biyar, wani ya zagayo ya ƙara ruwa ba a sani ba."

"Sai a sha kunu," in ji Yaya. Daga nan ya fara sauraro da gaske.

Injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaura agogon awo a bututun mai, ya tayar da injin, allurar ta tsaya inda ake so. Ya ce famfon lafiyarsa lau, kuma mai yiwuwa tsohon ma lafiyarsa lau. Yaya ya kalli sama. Injiniya ya kwance sansar gaba ya duba 'yar wayar da ke cikinta, siririya kamar gashi, ya fesa mata maganin wanki ya bar ta ta bushe ya mayar. Sannan ya bar injin yana silo, ya riƙa fesa wani ruwa mai kama wuta kaɗan-kaɗan a mahaɗar robobi da tiyo-tiyo. Ya ce in akwai ɓaraka injin zai zuƙi ruwan, muryarsa ta canza. Muka kasa kunne mu uku. Muryar ba ta canza ba.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Na ga fuskar Yaya ta faɗi. A ransa, ina jin, ya riga ya fara lissafin wanda zai sayi motar a matsayin ƙarfe.

"Alhaji, zauna," in ji Injiniya. "Hwaɗa min daidai sadda take yi. Kar ka ce kullum."

Yaya ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya ba da labarin motarsa kamar mai kai ɗa asibiti. Da lodi. A giya ta ɗaya da ta biyu. Wurin tashi, da hawan tudu, da fita daga laka. In ta riga ta ɗauki gudu, shiru. In da baya take tafiya, ko da lodi, ba ta taɓa yi ba.

"Da baya ba ta yi?"

"Ko sau guda."

Injiniya ya miƙe. Ya sa muka tura manyan duwatsu gaban tayoyi huɗu, ya ce Yaya ya shiga ya ja hambirki iya ƙarfinsa. Ya miƙo mini na'urar ya nuna mini wata lamba a allon, wadda ke faɗin yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don ta cike giɓi.

"Malam mai labarai, kai ka saba. Karanta muna wagga duk sadda ta canza."

Ya tsaya a gefen injin, ba a gabansa ba, ya ce Yaya ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur, ya riƙa sakin kuloci a hankali kamar zai tashi da buhu talatin.

"Uku," na ce. "Huɗu. Uku."

Motar ta yunƙura ta tokari duwatsun. A idona injin ɗin gaba ɗaya ya karkata gefe guda, kamar mai gyara zama a kan tabarma.

"Tara. Goma sha bakwai. Ashirin da biyar."

Sai ta cije, ta yi tarin nan nata. A ƙarƙashin tarin kuma akwai wani siririn sauti, irin wanda muke ji a ɗakin watsa shiri in wayar makirfo ta sami rauni. Injiniya ma ya ji shi. Ya ɗaga hannu Yaya ya kashe.

Daga akwatin matatar iska zuwa bakin injin akwai wata katuwar roba baƙa mai ninki-ninki, kaurinta ya kai damtse. Injiniya ya zura hannu ƙarƙashinta yana lalube. Ya daɗe. Sannan ya ce:

"Wa ya ɗaure ma motarka wuya?"

Ya kwance kilif biyu, ya yanke wani abu da reza, ya fito da robar ya juya cikinta sama. A cikin ɗaya daga ninkin akwai igiyar fata, ta yi baƙi da mai da ƙura har ba a bambanta ta da robar. An zagaya ta sau biyu an ƙulle, ɗaya bakin kuma an ɗaure shi a wani ƙarfe na jikin bodi. Inda igiyar ta bi, robar ta tsage tsawon ɗan yatsa. In ka bar ta, tsagar ta rufe ruf. In ka ɗan ja, ta buɗe baki. Injin in ya karkata wurin tashi da kaya sai ya ja robar, igiyar ta riƙe ta, tsagar ta buɗe. In baya ake yi, ɗaya gefen yake karkata, sai ta ƙara matsewa.

A jikin igiyar, a ɓoye ta ƙasa, wani ɗan abu mai kusurwa huɗu yana reto. Injiniya ya goge shi da tsumma. Jar fata ta bayyana, da ɗinkin zare kore a gefe.

Ni da Yaya muka gane ta lokaci ɗaya. Layar da Baba ya rubuta ce. Baba malamin allo ne, kuma bai cika rubuta laya ba, amma ya rubuta wannan da aka haifi Yaya. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu sai ya rataya ta har a yaye shi, daga mu har 'ya'yan Yaya, sannan ta koma cikin kwallar Inna. Mutum ɗaya ne ke taɓa kwallar nan.

Yaya ya karɓe ta ya riƙe a tafin hannu. Ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa daidai, sai ya juya mana baya yana duban gawarwakin motocin nan kamar yana neman wani abu a cikinsu.

Injiniya mutum ne mai hankali. Ya ba shi lokaci, sannan ya ce, ba tare da ya tambayi komai ba, "Ba igiyar kaɗai ba ta. Robar ta tsuhwa, ta bushe. Kuma kujerun da injin ke zaune bisa sun mutu, shi ya sa shike rawa haka. Ko ba a ɗaura komi ba, wata rana za ta tsage. Igiyar ta dai zaɓa mata wuri."

Ya ciro irin robar daga ɗaya daga cikin matattun motocin, ya lanƙwasa ta a rana ya duba kowane ninki, ya ɗaura. Aka sake gwajin duwatsu. Na karanta uku, huɗu, biyar, huɗu. Motar ta yunƙura ba tari. Ya goge lambar daga kwamfuta, fitilar ta mutu. Ya ce a canza kujerun injin kafin wata ya ƙare, kuma kada a ce ta warke sai ta yi kwana uku tana ɗaukar kaya fitilar ba ta dawo ba.

A hanyar komawa Yaya ya sa layar a aljihun gaban rigarsa. Yana kallon hanya ya ce:

"Ka ce ma Inna roba ta tsage. Ba ƙarya ba ta."

"In ta tambayi abin da ya tsaga ta fa?"

"Ka ce tsuhwa. Shi ma ba ƙarya ba na. Kai ba aikinka ke nan ba, tace labari?"

Haka na faɗa wa Inna da la'asar. Ta ce alhamdu lillahi.

Kowace safiya Yaya yakan buɗe bonet ya tayar da injin, ya kashe, ya shiga gida ɗebo ruwan da zai duba lagireto da shi. Washegari ina alwalar walaha a bakin garka sai na ga Inna ta fito ta ƙofar baya da sandarta. Ta waiga, ba ta gan ni ba. Ta je kai tsaye gefen dama na motar, ta yi ɗage, ta zura hannu ƙarƙashin sabuwar robar. Ta laluba gaba, ta laluba baya. Da ta juyo muka haɗa ido.

"Ina take?"

Na yi shekaru ina karanta labarai marasa daɗi da murya ɗaya, amma a gaban Inna muryar ba ta zo ba. Na gaya mata komai yadda ya faru, da igiyar, da tsagar, da abin da Injiniya ya ce game da tsufan robar. Na maimaita wannan na ƙarshen sau biyu.

Ta zauna a kan turmin da ke kife a wurin. Ta ce tun bara ta ɗaura, lokacin da hanya ta fara lalacewa. Ba za ta iya miƙa masa a hannu ba. Ta duba cikin motar ta ga duk ƙarfe ne mai zafi, sai wannan abu guda mai laushi da ya yi kama da maƙogwaro. Laya kuwa a wuya ake rataya ta. Ta jiƙa igiyar don ƙullin ya kama, ta kuma ɗaure ɗaya bakin a ƙarfe don kada ta faɗi a hanya.

"Ashe da hannuna na shaƙe ta," ta ce. "Da waɗancan mutane ba manoma ba ne..."

Ba ta ƙarasa ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ban san tun yaushe ba. Ya ajiye butar. Ya zo ya buɗe ƙofar direba, ya ture kujerarsa gaba. A bayanta akwai wani ƙarfe da aka yi wa walda a jikin bodi, inda yake rataya carbi da tsumma. Ya fito da layar daga aljihu, ya riga ya sa mata sabuwar igiya. Ya durƙusa ya ajiye ta a gefen zanen Inna.

"Inna, wanga ƙarhe ba shi motsi, ba shi zahi, ba shi numhwashi. Kuma nan bayana yake."

Inna ba ta dube shi ba. Ta dubi layar, ta dube ni.

"Tambai mai motar, in an ɗaura nan ba abin da za ya tsage?"

"Babu," in ji Yaya, kafin in buɗe baki.

Ta tashi da kyar, ta shiga tsakanin ƙofar da kujerar. Ta ɗaura da kanta, ƙulli uku, tana motsa baki. Ta ja ta gwada. Sannan ta ɗauki sandarta.

"Bakaniken nan kwana nawa yac ce?"

"Uku," na ce. "Da kaya."

"To shi yi ukun nan kusa, inda ana ganin shi. Bayan nan mu gani."

Kwana ukun ya yi su yana jigilar yashi da bulo a cikin gari, aikin da a da yake rainawa. Ni na koma Gusau a rana ta biyu. A rana ta huɗu da hantsi, ina shirin shiga ɗakin labarai, wayata ta yi ƙara. Ina jin rurin injin da hayaniyar fasinja a bayansa.

"Ɗan rediyo, hitilar nan ba ta dawo ba."

"Inna fa?"

"Ta aiko ƙaramar ɗiyata da hura a kwano, ta ce a ba mai motar shi sha kahin shi kama hanya."

"Kana ina yanzu?"

"Na wuce mararraba, buhu ashirin da takwas. Kashe wayarka, ga tudu nan gabana."